Ƙurar gini da haƙƙin maƙwabci

Tun da aka fara ginin benen nan da ke bayan layinmu a Agege, mai shago zai goge kanta da safe, kafin azahar yana iya rubuta sunansa a kai da yatsa. Masu tsire da masu ƙosai sun koma rufe kaya da leda. Da dattawan unguwa suka je wurin mai kula da aikin, sai ya ce fili nasu ne, takardar izini tana hannunsu, kuma ai ƙura ba ta kisa. A kan fili da takarda ba mu da ja. Maganar ƙarshen ce muke so mu tsaya a kai, domin ko a cikinmu akwai masu faɗinta. Sai ka ji mutum ya ce mu 'yan Arewa da muka tashi cikin hazon hunturu, wace ƙura ce za ta ba mu tsoro a Ikko?

To, ƙura iri-iri ce. Wadda muke gani a kan kanta, hanci da maƙogwaro suna tare mafi yawanta. Akwai kuma wadda ido ba ya gani, masana suna ce mata PM2.5, sai an tsaga kaurin gashin kai kusan gida 30 kafin a kai ga ƙanƙantarta. Ita wannan har can ƙasan huhu take sauka, wata ma ta ratsa cikin jini. Hayaƙin tifa da na janareto mai shan dizal cike yake da ita. Yankan bulo da tayil da dutse a bushe kuwa yana tayar da garin da kan taurara huhun lebura bayan shekaru, ciwon da ba ya warkewa. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2018 gurɓatacciyar iska ta yi sanadin mutuwar mutum kusan 11,200 a Legas, kuma kashi 60 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ba ƙurar gini kaɗai ba ce ta yi wannan, motoci da janareto da ƙona shara su ne kan gaba. Amma yaron da ke kwana da tari a gidan da ke jikin ginin bai san wannan rabe-raben ba.

Tambayar ita ce: mutum yana aiki a cikin halaliyarsa, cutar da ta tsallaka katanga tana wuyansa ko kuwa? Malamanmu ba su bar wannan a buɗe ba. Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya haddace hadisi na 32 a Arba'una, wanda ya hana cuta da cutarwa. A Mukhtasar na Shaihu Halil ma an yi hukuncin hana hayaƙi irin na gidan wanka, da wari irin na majema, da kafa masussuka a gaban gidan wani, saboda ƙaiƙayin da iska za ta kwaso. Ka duba fa, masussuka sana'a ce ta halal, a filin mai ita, amma aka ce a'a. Mallakar fili ba ta ba ka mallakar iskar da maƙwabcinka zai shaƙa ba.

Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne awo. Mu 'yan kasuwa mun san darajar sikeli: idan gardama ta tashi a kan buhu, ba rantsuwa ake yi ba, ɗorawa ake yi. Yanzu iska ma tana da sikelinta, wata 'yar na'ura da za a rataye a bango tana nuna lamba dare da rana. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta ce matsakaicin wannan ƙaramar ƙurar a yini kada ya wuce 15 a ma'auninsu. Jihar Legas tana da hukumar kare muhalli, LASEPA, wadda ake kai wa irin wannan ƙara. Wanda bai sani ba yana da uzuri gwargwado. Wanda aka nuna wa lamba ya kau da kai, uzurinsa ya faɗi.

Sai dai sikeli ba shi da ɗan gida. Da za a rataye na'urar nan a layinmu, wallahi ba mai benen kaɗai za ta tona ba. Za ta nuna janareton da muke juya wa bututu ta wajen tagar maƙwabci, da sharar da muke cinna wa wuta bayan magariba. Za ta nuna yashin da muka zube a bakin hanya wata uku ba rufi, lokacin da muke faɗaɗa masallaci. Mu da kanmu muka tsaya a kan aikin nan, kuma ba mu tuna mun saya wa yaran da ke juye siminti ko takunkumi ɗaya ba. Niyyar gina ɗakin Allah ba ta mayar da ƙurar turare ba.

Abin da muka roƙi mai benen ba shi da yawa: a yayyafa ruwa safe da yamma, a rufe tifa da tamfol, a kewaye ginin da raga, a jiƙa bulo kafin a yanka. Ya ce zai duba. Mu kuma bayan sallah za a fara filastar masallaci, kuma mun sa kuɗin tankar ruwa da takunkumi a cikin lissafin. Ma'ajin kwamiti ya ce hakan zai ci kuɗin buhun siminti da dama, har yanzu dai bai sa hannu ba.