Yasar Tabki

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, ambaliyar da takan share Kogin Haɗeja ta ragu. Laka ta kwanta, kacala ta tsiro bisanta, ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasar Kirikasamma. Masunta da manoman shinkafa suka sha wuya, sai da aka yi gayya da lauje da shebur.

Hakanan zuciyarmu take. Ƙyashi da gaba sukan taru kaɗan kaɗan, har addu'a ta ƙafe. Ishaku ma ya yashe rijiyoyin ubansa da Filistiyawa suka cike. Mu tuba, Ruhu Mai Tsarki ya yashe mu. Wanda ke riƙe da ɗan'uwansa a zuci, ya je su shirya kafin Jibin Ubangiji.