Ciwon Waswasi da Muryar Lamiri

Karatun yau: Ibraniyawa 4:14-16

Watakila ka san wani ɗan'uwa wanda yakan fara addu'a ya sāke farawa har sau goma, domin wani mugun tunani ya faɗo masa a tsaka. Ko wata 'yar'uwa wadda takan wanke hannu har fata ta tsage, ko ta tashi sau bakwai cikin dare ta duba ko ta rufe ƙofa. Watakila kuma kai ne, ba ka taɓa gaya wa kowa ba.

Likitoci sun san wannan abu. Ciwo ne, mu kira shi ciwon waswasi. A Turance ana taƙaita sunansa OCD, a Faransanci kuma TOC. Yana kama mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari, galibi tun daga ƙuruciya. Tunanin da ba ka so yana ta dawowa da tsoro, sai ka yi wani abu domin ka kore shi: wanki, dubawa, ƙirga, maimaita addu'a, ko tambayar mutane su tabbatar maka ba ka yi laifi ba. Idan wannan yana cin fiye da awa ɗaya a rana, ko yana hana ka aiki da zaman iyali, ya wuce hali, ya zama ciwo.

Tambaya ta fari ita ce, tunanin nan zunubi ne? A shekara ta 1978 masana biyu a Ingila, Rachman da de Silva, suka bincika mutane masu lafiya, suka tarar mafi yawansu sukan sami irin waɗannan tunani na ƙazanta ko na cuta. Bambancin shi ne, mai lafiya yakan bar tunanin ya wuce, mai waswasi kuwa yakan tsaya ya yi shari'a da shi. Karatunmu na yau ya nuna an gwada Yesu ta kowace hanya, bai kuwa yi zunubi ba. Ashe zuwan jaraba daban, amincewa da ita daban. Zunubi yana bukatar yardar zuciya. Abin da kake ƙi har da hawaye, ta yaya za a ce ka yarda da shi?

Bayin Allah da yawa sun bi ta wannan kwari. Jon Banyan na Ingila ya ba da labari a littafin da ya buga a 1666, yadda tunanin ya sayar da Almasihu ya dame shi dare da rana, har ya ɗauka ya yi zunubin da ba a gafartawa. Martin Luta, sa'ad da yake gidan sufaye a Jamus, yakan yi awoyi yana furta zunubansa, wani lokaci har awa shida, ya fita ya tuna da wani ya komo. Dukansu biyu Allah ya more su ƙwarai.

Tambaya ta biyu ta fi wuya, gama ta shafi magani. A 1966 wani masani a Landan, Victor Meyer, ya gwada wata hanya a kan majinyata: su fuskanci abin da suke tsoro, amma kada su yi abin da suka saba yi domin samun sauƙi. Har yau wannan ce babbar hanyar jinyar manya masu wannan ciwo. Mai tsoron datti zai taɓa hannun ƙofa, ya zauna bai wanke ba. Mai duba ƙofa zai rufe sau ɗaya ya kwanta. Ana farawa da mai sauƙi, ana hawa kaɗan kaɗan, galibi cikin zama 12 zuwa 20 tare da gwani. Tsoro yakan tashi sama, sa'an nan ya sauka da kansa, ƙwaƙwalwa kuma ta koyi cewa masifar ba ta zo ba. Ciwon kamar ƙaiƙayi yake: sosawa tana da daɗi na ɗan lokaci, amma ita ce take hana miki warkewa.

To, ga inda mai bi yakan tsaya. Idan likita ya ce, "Yi addu'arka sau ɗaya, ko mugun tunani ya shigo kada ka sāke," mai waswasi zai ce, "Wannan ba taurare zuciya ba ne? Ba toshe kunne ga lamiri ba ne?" Tambayar tana da nauyi, gama ba a wasa da lamiri. Amma ka auna muryoyin biyu. Lamiri mai lafiya yakan nuna laifi guda da sunansa, ka tuba, ka gyara, ya yi shiru. Waswasi ba ya shiru. Ka tuba sau goma, zai ce na goman ba daga zuciya ba ne. Yana neman tabbaci ɗari bisa ɗari, abin da ba ɗan adam ɗin da yake da shi. Wanda yake maimaita addu'a har sai ta fita ba aibi, a ƙarshe ga kyan addu'arsa yake dogara. Wanda ya yi ta sau ɗaya, da rauninta, ya tashi zuciyarsa tana rawa, ya bar sauran ga alherin Allah. Wanne ne cikinsu ya fi kusa da bangaskiya?

Akwai kuma magungunan sha, irin su fulokzetin, satralin da kilomifiramin. Likita ne kaɗai zai rubuta su. Sukan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga amfaninsu sosai, saboda haka kada ka yanke ƙauna a mako na uku, kada kuma ka daina sha farat ɗaya ba da saninsa ba. Shan magani ba rashin bangaskiya ba ne. Allahn da ya yi wa Hezekiya alkawarin warkewa, shi ne ya bar Ishaya ya sa a ɗora curin ɓaure a kan marurunsa. Luka, abokin aikin Bulus, likita ne. Je ka asibiti, ka nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ka faɗi tunanin yadda yake. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma likitan ya ji irinsa sau da yawa.

Ku iyali da shugabannin ikkilisiya, ga taku. Kada ku yi saurin cewa aljani ne, ko ku ɗora wa mai ciwo ƙarin azumi, gama kuna ƙara wa wutar itace. Kada kuma ku amsa tambaya ɗaya sau ashirin da sunan tausayi. Ku amsa sau ɗaya da ƙauna, sa'an nan ku zauna tare da shi har tsoron ya sauka. Ku raka shi wurin likita. Ba kowa yake rabuwa da ciwon gaba ɗaya ba, amma mutane da yawa sukan sami sauƙi babba, su koma aikinsu da sujada cikin salama.

Addu'a: Ya Ubangiji Yesu, ka san tunanin da nake ƙi, ka kuma san zuciyata. Ka ba ni ƙarfin hali in nemi taimako, in kuma huta cikin alherinka ko da shakka ba ta tafi ba tukuna. Amin.