Yaron da ba ya kuka

Ɗana, kai da ka fara kai yara firamare, da ke 'yata malamar aji, ku ba ni aron kunnuwanku. Da yawanmu mun ɗauka yaro mai juriya shi ne wanda za a doka bai yi kuka ba. Shi ya sa da ya ɓare baki sai a daka masa tsawa: "Yi mini shiru! Kai ba namiji ba ne?" Shirun zai yi kuwa. Sai dai abin da ya koya shi ne ɓoye damuwarsa ga mutanen da ya kamata su fara jin ta. Ranar da manyan aji suka shiga ƙwace masa kuɗin tara, ko wani babba ya taɓa shi inda bai dace ba, ba zai zo wurinka ba.

Ga shi kuma yaran yanzu suna ɗauke da kaya mai nauyi. A watan Mayun 2021 aka kwashe yaran wata Islamiyya a Tegina, jihar Neja, suka yi kusan wata uku a daji. A watan Maris na 2024 aka sake yi a Kuriga, jihar Kaduna, har da 'yan firamare. Yaron da ke Funtuwa ko Gusau ba sai ya ga ɗan bindiga da idonsa ba. Ya ji a rediyo, ya kuma ji a bakinku kuna hira bayan isha'i, kuna zaton wasa ya ɗauke masa hankali. Ɗan shekara bakwai ba zai ce maka yana cikin fargaba ba. Jikinsa ne zai faɗa: ciwon ciki kullum da safe lokacin tafiya makaranta, firgita cikin barci, dawowar fitsarin kwance bayan ya daɗe da dainawa, ko yawan faɗa daga yaron da a da ba ruwansa. Mu kuwa sai mu kira shi iskanci, mu ɗauko bulala.

Fara da saurare. Malamai suna ba mu labarin ƙanin Anas bin Malik, Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaron ya shiga damuwa. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da duk nauyin al'umma a kansa, ya tsaya ya tambayi yaron labarin tsuntsunsa. To kai wane aiki ne ya fi ƙarfinka? In ɗanka ya dawo fuska a murtuke, zaunar da shi, ka ce: "Na ga ranka a ɓace, tsoro ne ko fushi?" Ka bari ya gama, kada ka katse shi da wa'azi. In kukan ya ci ƙarfinsa, ka ce ya ja numfashi a hankali ya sake, sau uku ko huɗu, kana yi tare da shi. Wannan dabara za ta yi masa amfani ranar jarrabawa, lokacin da ba ka kusa.

Amma kada ka fahimce ni a baibai. Ban ce ka mayar da shi ɗan lele ba. Akwai iyayen da ke yi wa yaro aikin gida da hannunsu don kada malam ya ba shi sifili, in ya yi faɗa da ɗan maƙwabta su fita da zage-zage. Wannan cutarwa ce, ko da soyayya ta jawo ta. Ka dubi masu wasan langa: yaro yana riƙe da ƙafa ɗaya, a ture shi ya faɗi, ya kaɗe ƙura ya koma fili, ba wanda ya kira uwarsa. Bar shi ya yi irin wannan faɗuwar a lissafi ma. Ka ba shi aikin da zai iya, shara ko ba awaki dusa, in ya yi ka nuna ka gani.

Sannan tambayar nan ta ƙarshen zango, "na nawa ka zo?", ku rage ta. Aji mai yara tamanin, mutum ɗaya ne zai zo na ɗaya. Sauran fa, duk sun lalace ke nan? Tambaye shi darasin da ya fi ba shi wuya, da abin da zai gwada a zango mai zuwa. Ka yabi ƙoƙarin da ya yi, ka daina gwada shi da ɗan wane.

Barci da abinci ma suna cikin abin da ke gina juriyar yaro. Likitoci sun ce ɗan firamare yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12. Wanda ya kai sha ɗayan dare a kan wayar uwarsa, ya tafi makaranta ko koko bai sha ba, abu kaɗan zai sa shi kuka.

Ke kuma malama, na san aji ya cika, albashi bai taka kara ya karya ba. Duk da haka kiran yaro da sunansa, da hana 'yan aji yi wa wanda ya ba da amsar kuskure dariya, ba sa cin ko kwabo. Tsallen kwaɗo a gaban aji bai taɓa koya wa kowa karatu ba.

In kuma alamomin fargabar da na lissafa a baya suka ɗauki makonni, yaro ya daina ci ko ya daina magana, ku yi masa addu'a, ku kuma kai shi asibiti. Akwai asibitocin lafiyar ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware da Dawanau, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. Kada ku jira sai ya girma.