Tsantseni a Gaban Ruwan da Ba a Sani Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a watan Oktoba na 1997 aka harba wani kumbo maras matuƙi mai suna Cassini daga Amurka, zuwa duniyar Zuhal, wadda Allah Ya ƙawata da zobba na ƙanƙara. Sai a 2004 ya isa, ya shekara 13 yana kewaya ta. Ya sauke wata na'ura a kan Titan, mafi girman watanninta. Ya kuma gano cewa wani ƙaramin watanta, Enseladus, yana feso ruwa daga tsagogin ƙanƙararsa, alamar akwai teku a ƙarƙashi. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya ɓoye teku inda ido bai taɓa kaiwa ba.

Da man kumbon ya kusa ƙarewa, masu shi suka auna. In man ya ƙare, linzami ya kuɓuce musu, watarana yana iya faɗawa kan Enseladus ko Titan. Ba su da tabbacin akwai rai a wancan ruwa. Ba su da tabbacin ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani, waɗanda suka bi kumbon daga ƙasa, suna nan da rai. Duk da haka, ranar 15 ga Satumba 2017 suka tura shi cikin iskar Zuhal ya ƙone.

Shin wannan ba almubazzaranci ba ne, a ƙone dukiya mai tsada saboda shakka kawai? Amsar tana cikin abin da malaman tasawwufi ke kira wara'i, wato tsantseni: barin abin da ake shakka a kansa don tsoron ɓarna. Ana iya ƙera wani kumbo, amma ruwan da ya gurɓata a can babu mai iya tsarkake shi. Idan hasara ɗaya tana da mayewa, ɗayar kuwa ba ta da shi, mai hankali ya san wadda zai ɗauka.

Zuciyar ɗan'uwa ita ma teku ce a ƙarƙashin ƙanƙara. Allah kaɗai Ya san abin da ke raye cikinta. Muridin da ya ji wani zance game da muƙaddami ko abokin zikiri, bai tabbatar ba, ya kai shi kunnen sabon shiga ɗariƙa, ya jefa ƙazanta cikin rijiyar da ba zai iya yashewa ba. Haka wanda ke ba yara labarin maƙamai da bai ɗanɗana ba, don a ce ya kai. Wataƙila babu abin da zai lalace. Wataƙila kuma yaƙinin wani bawan Allah ne zai mutu, mai maganar bai ma sani ba.

Kumbo ƙarfe ne, ba shi da rai. Abin da ake so muridi ya ƙone shi ne sha'awar a ji shi, da son a san ya sani. Kuma lokacin yin haka shi ne tun linzami yana hannu. Masu kumbon ba su jira man ya ƙare ba. Magana ma tana da linzami muddin tana cikin baki. In ta fita, sai inda ta faɗa.

Allah Ya azurta ƴan'uwa da tsantseni, Ya tsare harsuna daga ɓata zukatan bayinSa, albarkar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amin.