SHIN MAI AMANA YA CANCANCI GODIYA?

Abin da ya jawo wannan rubutu wata gardama ce da ta tashi a ɗakin kwananmu na ɗalibai. Wani abokina ya karɓo wayarsa daga wurin mai gyara, ya ce mutumin ya mayar masa da rabin kuɗinsa, don ya duba ya ga ashe abin da ya lalace bai kai yadda suka yi zato ba. Na ce to ai sai ka koma ka yi masa godiya. Ya yi dariya ya ce, "Godiyar me? Aikinsa ya yi, na kuwa biya shi. Wanda bai cuce ka ba ai bai ba ka kome ba." A daren nan na rasa amsar da zan ba shi. Da na kwanta sai wani tsoho ya faɗo mini a rai, kuma da labarinsa zan fara.

Ni mutumin Wurma ne, ta ƙasar Kurfi. Ina da kawu makaɗin kalangu, irin masu yi wa mahauta kiɗa ran kasuwa, su kuma yi na biki da suna. Ina yaro nakan raka shi kasuwar Dutsin-Ma ranar Laraba, in riƙe masa jaka. A can gefen kasuwa akwai wani tsoho mai haɗa kalangai da gyaransu. Yana sayen icen a wurin masassaƙa, shi kuma ya rufa fata, ya ɗaura kambu, ya ja tsarkiya.

Wata shekara, ana saura kwana goma Babbar Salla, kalangun kawu ya faɗo daga kan babur ya tsage. Muka tafi wurin tsohon. Kawu ya ɗauki wani kalangu da ke rataye, ya matsa shi a hammata, ya buga, murya ta fita tangaran. Ya ce wannan yake so. Tsoho ya girgiza kai.

"Ba zan sayar maka da wannan ba."

"Haba Baba, ko don ka ga kuɗina ba su cika ba?"

"Ba maganar kuɗi ba ce. Icen yana da tsaga daga ciki, da ƙaro na toshe ta. Yanzu yana da murya, amma da hunturu ya shigo zai buɗe. Na yara ne masu koyo, kai kuwa da shi za ka ci abinci."

Ya shiga rumfa ya fito da nasa na kansa, wanda ya riƙe tun yana saurayi, ya ce kawu ya je ya yi Salla da shi, kafin ya haɗa masa sabo. Kuɗi kuma a bari sai kaka. Ba a rubuta kome ba, ba a kira shaida ba. Ni kaɗai ne na uku, ga shi ko shekara goma ban cika ba.

To, mai karatu, lura da abu guda. Tsagar nan ba mai ganinta sai shi da Mahaliccinsa. Da ya yi shiru, da kawu ya biya yana murna, in kuma icen ya buɗe bayan wata uku sai a ce sanyi ne. Haka kayan kiɗa suke duka: aibinsu a ɓoye yake. Mai sayen goge ba ya iya sanin ko fatar guzar da aka rufa wa ƙwaryar ta jemu sosai, ko izgar da aka ɗaura ta tsufa. Ba a ƙasarmu kaɗai ba. Akwai ɗan abin busar nan na baki da ake kira hamonika, wanda kamfanin Hohner ya shahara da ƙerawa a garin Trossingen na Jamus tun 1857. Ƙaramarsa mai ramuka 10 tana da 'yan harsunan ƙarfe 20 a ciki, an rufe su da marfi. In ɗaya ya kauce wa muryarsa, sai an kankare shi kaɗan kaɗan da hannu. Saboda haka masu busa a Turai da Amurka sukan aika da kayansu ta gidan waya zuwa ga ƙananan masu gyara, sau da yawa mutum guda ne a ɗan shagonsa, ba su taɓa ganin fuskarsa ba. In sun sami na kirki sai su riƙa yaɗa sunansa a tsakaninsu kamar sun tsinci dami a kala. Shin wauta suke yi, ko kuwa sun gane wani abu da abokina bai gane ba?

Bari mu ba abokin nan nawa haƙƙinsa, don maganarsa tana da ƙafafu biyu. Ta farko ita ce, riƙon amana wajibi ne, kuma ba a gode wa mutum don ya sauke wajibi. Ba wanda ke bin maƙwabcinsa yana godiya don bai shigo masa gida da dare ba. Addini ma tsawatarwa ya yi wa masu tauye mudu, har sura guda ta Alƙur'ani aka sa wa sunansu. Wanda ya cika mudu kuwa, in ji abokina, ya dai tsira ne daga laifi.

Amsata ita ce, wajibai ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai wanda jama'a ke tsare da shi, akwai wanda ba mai tsaronsa sai zuciyar mai shi. Ɓarawo yana tsoron ihu da alƙali. Mai tauye mudu yana tsoron a sake aunawa a gaban Sarkin Kasuwa. Amma wa zai kai tsohon nan ƙara a kan tsagar da ba a gani? Kuɗin da kawu ya biya na ice ne da fata da wahalar hannu. Gaskiyar da aka gaya masa ba ta cikin ciniki, ba a taya ta ba, ba a sallama ba. Hasali ma ita ce ta hana tsohon cinikin ranar. Abin da mutum ya ba ka a kan asararsa, alhali ba mai iya tilasta shi, ko da wajibi ne a wurin Allah, a wurinka kyauta ce. Hausawa kuwa sun ce yaba kyauta tukuici.

Ƙafa ta biyu ta fi wuyar karyawa. Cewa ake yi mai shago ba don kai yake gaskiya ba, don tuwon gobe ake wanke tukunya. Wannan ba sabuwar magana ba ce. Immanuel Kant, masanin falsafar nan Bajamushe, ya kawo misalin a wani littafinsa na 1785: mai kanti da ba ya tsawwala wa wanda bai san farashi ba, har yaro ƙarami ya saya a wurinsa yadda babba zai saya. A ganin Kant wannan bai isa hujjar cewa mutumin don gaskiya yake yi ba, mai yiwuwa ne lissafin ribarsa ne kawai.

Na yarda ba mu iya tsaga ƙirjin kowa. Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A duba mutum ranar da gaskiya ba ta da riba. Kawu ba attajiri ba ne, kalangu guda yakan kai shi shekaru. Babu lissafin da zai sa a ba irinsa aron kayan da aka fi so, a kuma jira shi har kaka. Mun sake ganin irin wannan a farkon 2023, lokacin da aka canja fasalin naira, takardar kuɗi ta yi wuya. Masu shayi da masu tireda nawa ne suka riƙa ba mu bashi, ba su san ranar biya ba? Sa'an nan ko da a ce akwai ɗan son riba a ciki, ina laifi? Manomi don cikinsa yake noma, amma ba mu fasa yi masa sannu da aiki ba.

Akwai kuma wani dalili da ya wuce ladabi. A 1970 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, George Akerlof, ya yi nazarin kasuwar tsofaffin motoci. Ya nuna cewa in mai saye ba ya iya bambance mai kyau da maras kyau, to ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba. Daga nan masu kayan kirki sai su janye, kasuwa ta koma hannun 'yan algus. Wato jahilcin mai saye shi ke korar mai gaskiya. To, mene ne maganin wannan a kasuwar ƙauye, inda ba takardar shaida, ba talla a rediyo? Bakin mutane. In ka ce, "Je wurin wane, ba ya ha'inci," ka ba mai saye idon da ba shi da shi. In ka yi shiru, ka daidaita mai amana da maci amana. Ashe godiyar da aka furta a bainar jama'a ita ce jarin mai gaskiya, kuma mai hana ta yana taya macuci aiki bai sani ba.

Abin mamaki, mu Hausawa ba baƙin yabo ba ne. Muna da maroƙa da kirari da taken kowane basarake. Kalangu ya kai sunan Alhaji Mamman Shata ko'ina har ya rasu a 1999, kuntigi ya yi wa Ɗanmaraya Jos haka. Amma a cikinmu wa ya san wanda ya rufa fatar waɗannan kayan? Kalangu yana kiran sunan kowa, ban da na wanda ya ba shi murya. Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya tsara siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe, a laccarsa da aka buga a 1974, gaskiya da amana da karamci ne a kan gaba. Ga mutumin da ya haɗa ukun a rumfar kara, amma yabonmu ya tafi ga mai babbar riga.

Yanzu sai in faɗi sauran labarin, ko da yake ba ya yi wa gidanmu daɗi. Kaka ta zo, kawu ya biya rabi, ya ce saura sai wani jiƙon. Ba mugunta ba ce, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Sai dai ba shi kaɗai ba ne. Makaɗa da yawa sun yi wa tsohon haka, ga shi kuma masu biki sun fara komawa ga kiɗan fiyano da na'urar sauti, aiki ya ja baya. Sa'ad da kawu ya cika alkawari, bayan shekara biyu, tsoho ya riga ya tashi daga rumfar, jari ya karye. A gida aka same shi. Ya karɓi kuɗin, ya sa albarka, bai ce uffan ba a kan jinkirin. Kawu har yau in ya tuna sai ya sunkuyar da kai. Karamcin mutumin ne ya cinye shi, mu kuwa da muka amfana muka taya.

Wannan ya koya mini cewa "na gode" ta fatar baki ita ce mafi arahar godiya. Ta gaskiya tana da hanya uku. Ta farko, ka biya mai amana a kan lokaci, kada haƙurinsa ya sa ka mai da shi na ƙarshe a layin masu binka. Ta biyu, in ya faɗa maka farashin gaskiya kada ka yi ta tayi har ka kai shi ga faɗuwa, alhali ga macuci kana biya ba musu. Ta uku, ka faɗi alherinsa a bayan idonsa, yadda kake saurin faɗin sharrin wanda ya cuce ka.

'Yan'uwana ɗalibai, gobe mu ne ma'aikata da malamai, kuma kowane ɗayanmu za a ba shi abin da ba mai ganin cikinsa sai shi. In muna so a iske masu amana a ranar, sai mu riƙe waɗanda ke akwai yau, mai gyaran waya da mai ɗinki da mai shayin bakin ƙofa. Abokina dai har yanzu yana kan bakansa. Amma na lura ɗalibai uku ya tura wurin mai gyaran nan a makon jiya. Ko ya yarda ko bai yarda ba, ya fara biya.

Allah ya sa mu gane masu kyautata mana tun suna rumfarsu, amin.