Kuɗin Babur

A garin Abaji, inda manyan motoci ke wucewa dare da rana tsakanin Abuja da Lokoja, an yi wasu dillalan doya biyu, uwa ɗaya uba ɗaya. Sukan shiga ƙauyuka har wajen Yaba su saro, su loda wa fatake. Babban yana da shekara 52 ya fara ganin jini in ya zaga. Ya ce basir ne, kowa ma ya ce basir ne. Ya sha jiƙo, ya sha saiwa, ya sayi garin magani wurin masu lasifika a tasha. Yau ciki ya ɗaure, gobe ya sake, har riguna suka yi masa yawa. Da aka kwantar da shi sai aka tarar sankarar babban hanji ce, ta riga ta kai hanta. Bai ga sabuwar doya ba.

Ƙanen, mai shekara 46, ya kwashi marayu biyar ya haɗa da nasa. Ya shiga adashi don ya sayi babur, ya huta da kuɗin haya in zai shiga ƙauye.

Ran nan zazzaɓi ya kama autar marigayin, ya kai ta ƙaramin asibitin unguwa. Malamar asibiti ta yi gwaji ta rubuta magani. Ga layi a waje, mata da goyo sai leƙowa suke. Har ta miƙa masa kati, sai ta riƙe, ta ce, "Alhaji, mahaifin yarinyar nan, me ya yi ajalinsa?" Ya gaya mata. Ta ajiye biro, ta tambayi Alhaji shekarunsa.

Ta ce masa wannan cuta ba ta faɗowa rana ɗaya. Ɗan tsiro ne ke fitowa a bangon hanji, ba zafi ba alama, yakan yi kusan shekara 10 kafin ya rikiɗe. In an gan shi da wuri, cire shi ake yi, magana ta ƙare. Duk wanda ya kai 45 ya kamata a duba shi, ko da gwajin bahaya ne da ke gano jinin da ido ba ya gani. Amma wanda ɗan'uwansa na ciki ɗaya ya yi cutar, daga 40 ake fara masa, kuma da siririn bututu mai kyamara ake leƙa hanjin.

Alhaji ya ce shi lafiyarsa ƙalau, buhu ma yana ɗauka. Kuma ina shi ina kwanciya a yi masa irin wannan, da girmansa? Ta ce da kunya ba ta musa ba, amma allura ake yi wa mutum ya yi gyangyaɗi, kuma mai lafiyar ne ake nema, don shi ne gwajin ke yi wa rana. Ta rubuta masa takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada. Ya ninke ta ya cusa a aljihu, don dai kada ya watsa mata ƙasa a ido.

Adashi ya faɗo kansa. Ya je ya ga babur, ya hau ya taɓa birki, suka yi ciniki a kan gobe zai kawo kuɗi. Da dare yana zaure yana ƙirga kuɗin, sai babban ɗan marigayin ya yi sallama ya durƙusa, ya zo maganar kuɗin jarrabawa. Yaron da tun tasowarsa Baffa yake ce masa, yau sai ya ce, "Baba."

Ya ba shi, yaro ya fita. Alhaji ya daɗe zaune da sauran kuɗin a cinya. Ya ƙirga yaran gidan, ya ƙirga mazan da suka rage, ya ga in aka cire shi babu wanda yaron zai sake durƙusa wa. Ya laluba aljihun rigar da ke rataye. Takardar na nan, gumi ya ɗan cinye tawadar.

Da safe ya aika wa mai babur cewa a yi haƙuri. Ya shiga mota ya bi ta Kwali zuwa Gwagwalada. Aka sa masa rana, aka hana shi abinci mai nauyi, aka ba shi maganin wanke ciki da ya hana shi barci. Da ya farfaɗo, likita ya nuna masa hoto: tsiro ɗaya kamar ƙwayar gyaɗa, an cire an tura ɗakin gwaji. Sakamako ya fito, bai rikiɗe ba tukuna. Aka gaya masa lokacin da zai dawo.

Bai zarce gida ba, sai gidan ƙanwarsa mai shekara 41. Mijinta ya ce ai Hajiya ko ciwon kai ba ta yi. Alhaji ya cire takalmi, ya gyara zama a tabarma, ya ce a kawo masa ruwa, a kira ta, shi yau ba sauri yake ba.