Mutane Kamar Itatuwa

'Yan'uwa cikin Kristi, ga wata tambaya da ta daɗe tana damuna. Idan ɗan'uwa yana shan wahala a tsakiyarmu, mu kuwa ba mu taimake shi ba domin ba mu lura ba, muna da laifi ko ba mu da shi? Da yawa za su ce babu laifi, gama ba a kama mutum da alhakin abin da bai sani ba. Dā ni ma haka nake tsammani.

Akwai wata gwauruwa a ekklesiyar da nake kiwo. Shekara da shekaru tana zama a bencin baya, kusa da ƙofa. Wata damina, cikin watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero kuwa bai nuna ba, sai aka daina ganinta. Lahadi huɗu ba ta zo ba. Na ce a raina bangaskiyarta ta yi sanyi, har na shirya wa'azi a kan masu ja da baya. Matata ce ta je gaishe ta. Ta tarar ruwa ya rushe bangon ɗakinta, ita da 'ya'yanta uku suna kwana a madafa. Zanen da take zuwa sujada da shi ta sayar, ta sayi dawa mudu biyu. Kunya ce ta tsare ta a gida.

Da na ji, sai na ce, "Ai ban sani ba." Matata ta ce, "Maigida, wa ka tambaya?" Na rasa abin cewa.

A daren nan na buɗe Markus sura 8, daga aya 22 zuwa 26. An kawo wa Ubangiji Yesu wani makaho a Baitsaida. Ya kama hannunsa, ya kai shi bayan gari, ya ɗibiya masa hannu, ya tambaye shi ko yana gani. Mutumin ya amsa cewa yana hangen mutane, amma sun yi masa kama da itatuwa masu tafiya. Sai Ubangiji ya sāke taɓa idanunsa, sa'an nan ya ga kome sarai. Markus kaɗai ya rubuta mana wannan labari.

Na gane cewa ni ne mutumin nan. Ubangiji ya buɗe mini ido na san shi Mai Ceto, amma jama'arsa ina ganinsu kamar yadda ake hangen abu cikin hazo, ba a san ko mutum ne ko kututture ba. Na san yawan masu zuwa sujada. Na san abin da baiko ya kama. Ban san wanda ya kwana da yunwa ba.

Wannan ciwo ba sabo ba ne. A cikin Ayyukan Manzanni sura 6, ekklesiyar Urushalima tana ƙaruwa, amma ana tsallake gwauraye na Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kowace rana. Ba a ce wani ya ƙulla musu mugunta ba, ido ne bai kai kansu ba. Manzanni ba su fake da rashin sani ba. Suka tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, har da Istifanus da Filibus, aka danƙa musu aikin. Ku lura, dukansu bakwai sunayen Helenanci ke gare su.

To, ga amsata. Rashin sani iri biyu ne. Akwai abin da ya yi mana nisa, ba mu da hanyar saninsa. Wannan Allah ba zai tambaye mu ba. Akwai kuma abin da yake ƙofar gidanmu, wanda da mun taka ƙafa, ko mun buɗe baki, da mun sani. Wannan rashin sani mu muka zaɓe shi, domin sani yana jawo ɗawainiya. Laifi ne, ya kamata mu tuba.

Wani zai ce, mai bukata ya yi magana mana. Amma kun san halin mutanenmu. Mai mutunci ya gwammace ya kwana da yunwa da ya miƙa hannu. Saboda haka aka ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Sai dai mu yi hankali. Akwai masu kaifin ido wajen ganin tallafin wasu domin su sami abin tsegumi. Ganin da Ubangiji yake bayarwa yana ƙarewa da taimako a asirce, ba da tonon asiri ba.

Makahon Baitsaida ya faɗi gaskiya cewa ganinsa bai cika ba, shi ya sa bai koma gida da rabin warkewa ba. Mu ma mu faɗa wa Ubangiji haka. Lahadi mai zuwa ka duba bencin da babu kowa, ka tuna da mai zama a wurin, ka je gidansa kafin mako ya ƙare, gama zumunta a ƙafa take. Dattawa da zumuntar mata su raba unguwanni a tsakaninsu, kada gida ɗaya ya rage.

Matasanmu sun tā da bangon gwauruwan nan kafin kaka. Amma Lahadi huɗun nan ba zan manta da su ba. Ubangiji ya sāke taɓa idanunmu. Amin.